ƘAGAGGUN LABARAN KIMIYYA DA SAMARINMU NA KURMI

Wannan shi ne jawabin da wani malamin makaranta ya yi wa ɗalibai 'yan sakandare, maza da mata, tare da iyayensu, a Zangon Agege da ke Ikko, a lokacin hutun makaranta. Mun buga shi baki ɗaya domin amfanin 'yan'uwanmu mazauna kurmi.

 

Tun da muka zauna a wannan wuri jiragen sama da yawa sun wuce ta kanmu, suna sauka ko suna tashi daga filin jirgi na Murtala Muhammed da ke Ikeja, amma ban ga ko mutum guda ya ɗaga kai ya duba ba. Abin ya zama jiki. To, amma a cikin shekarar 1925, lokacin da jiragen sama uku na sojan Ingila suka fara sauka a Kano, sai ku ƙiyasta halin da kakanninmu suka shiga. Abin da jiya ya fi ƙarfin hankali, yau shi ne yaro ke gani yana ci gaba da wasansa. Akwai kuwa wasu irin littattafai waɗanda aikinsu shi ne su riga zamani isa gobe, su dawo su ba mu labari. Su ne ake kira ƙagaggun labaran kimiyya, kuma a kansu zan yi magana yau.

MENE NE BAMBANCINSU DA TATSUNIYA?

Mu Hausawa ba baƙi ba ne wajen labaran ban mamaki. Muna da Gizo da Ƙoƙi. Muna da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda suka fito daga gasar rubutu da aka shirya a Zariya a 1933. A cikin irin waɗannan labarai idan mutum ya tashi sama, aljani ne ya ɗauke shi, ko kuwa wani sihiri ne ya yi aiki, mai karatu ba shi da ikon ya tambayi yadda aka yi.

Ƙagaggen labarin kimiyya kuwa yana da sharaɗi. Marubucin yana ɗaukar wani abu da ilmi ya tabbatar, ko wanda ilmi bai ƙaryata ba, sa'an nan ya yi tambaya: idan wannan abu ya ci gaba, ko ya faɗa hannun wane, me zai sami mutane? Idan jaruminsa zai tafi wata, dole ya gaya mana abin da zai hau, da iskar da zai shaƙa, da kwanakin da zai yi a hanya. Watau labarin ƙage ne, amma an ɗaure shi da igiyar dalili.

Wanda ya karanta Dare Dubu Da Ɗaya zai tuna da labarin dokin katako wanda wani gwani ya sassaƙa ya kai wa sarki. Dokin nan yana da maɓalli, idan an murɗa ya tashi, akwai kuma wani idan an murɗa ya sauka. Ɗan sarki ya hau bai tsaya ya tambayi na sauka ba, ya kusa halaka kafin ya gano shi da kansa. Dokin aikin hannun mutum ne, haɗarinsa kuma daga gaggawar mutum ya fito. Nan ne tatsuniya ta fara leƙa ɗakin kimiyya.

INDA ABIN YA SAMO ASALI

Masana da yawa suna ƙirga farkon wannan fanni daga shekarar 1818, lokacin da aka buga littafin Frankenstein a Ingila. Ku 'yan mata ku saurara da kyau: wadda ta rubuta shi, Mary Shelley, ta fara shi tana da shekara 18, aka buga shi tana da 20. Labarin wani ɗalibi ne mai zurfin bincike, wanda ya harhaɗa wata halitta, da ya ga muninta sai ya gudu ya bar ta, ita kuwa ta bi shi da ramuwa har ta hallaka waɗanda yake ƙauna. Tambayar da ta aza ita ce, wa zai ɗauki alhakin abin da ilmi ya haifar?

Bayanta sai Jules Verne, mutumin Faransa. A 1865 ya rubuta labarin mutum uku da aka harba zuwa wata daga jihar Fulorida ta Amurka, a cikin littafi na biyu kuma suka dawo suka faɗa Tekun Fasifik. Bayan shekara 104, a watan Yuli 1969, kumbon Apollo 11 ya tashi daga Fulorida ɗauke da mutum uku, ya kuma dawo ya sauka a Tekun Fasifik. Amma fa kada ku ɗauka Verne boka ne. Lissafi ya yi, ya dace a wani wuri, ya kuskure a wani. Shi da ƙatuwar igwa ya harba mutanensa, alhali kuwa ƙarfin irin wannan harbi zai murƙushe duk wanda ke ciki tun kafin ya bar bakin igwar. Ɗalibi mai basira yana ƙaruwa da kuskuren nan kamar yadda yake ƙaruwa da dacen.

Na uku shi ne H. G. Wells na Ingila, wanda ya buga The War of the Worlds, watau Yaƙin Duniyoyi, a 1898. A cikinsa wasu halittu daga duniyar Mas suka sauka a Ingila da makaman da Turawa ba su taɓa gani ba, suka rusa garuruwa, manyan mutanen London suka koma 'yan gudun hijira. A ƙarshe ba soja ne ya ci baƙin da yaƙi ba, ƙwayoyin cuta ne waɗanda jikinsu bai saba da su ba. Wells yana so ne mutanensa su ɗanɗana a takarda abin da suke yi wa wasu al'ummu a zahiri. Ku duba shekarar da kyau. Shekara biyar bayan fitowar littafin, a 1903, Kano da Sakkwato suka faɗa hannun masu bindiga mai ruwa. Bahaushen da ya karanta wannan littafi zai fahimce shi fiye da yadda Bature zai fahimta, domin kakanninsa sun ga irin wannan rana da idonsu.

A 1920 wani marubucin ƙasar Cek mai suna Karel Capek ya rubuta wasan kwaikwayo a kan mutum-mutumin da aka ƙera don su yi wa mutane bauta a masana'anta, daga baya suka yi tawaye. Daga wannan wasa duniya ta sami kalmar robot, asalinta kuwa a harshensu yana nufin aikin tilas. Isaac Asimov na Amurka ya zo a 1942 ya tsara wa mutum-mutumin cikin labaransa dokoki uku, babbar cikinsu ita ce kada ya cuci ɗan Adam. A yau da ake da na'urori masu amsa tambaya da rubuta wasiƙa, gwamnatocin duniya suna ta muhawara a kan irin dokar da za a kafa musu. Marubutan nan sun riga su buɗe zancen da shekaru tamanin.

RABONMU A CIKIN WANNAN TARIHI

Wani zai ce wannan duk harkar Turawa ce, ina ruwan ɗan mai goro a Agege? To, ku saurari wannan. A 1945 wani marubucin irin waɗannan labarai, Arthur C. Clarke, ya buga maƙala inda ya nuna cewa idan aka ɗora tauraron ɗan Adam a nisan kilomita kusan 36,000 daga ƙasa, zai riƙa zagayawa daidai da juyawar duniya, kuma guda uku sun isa su kai saƙo kusan ko'ina. A lokacin ba a taɓa harba ko guda ba, sai a 1957 Rasha ta harba Sputnik. Ran 23 ga Agusta 1963, Shugaba Kennedy na Amurka ya yi magana ta waya da Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta hanyar tauraron Syncom 2, wannan kuwa shi ne karo na farko da shugabannin ƙasashe biyu suka zanta ta tauraron ɗan Adam. Jirgin ruwan da ya karɓi saƙon, mai suna Kingsport, yana tsaye ne a tashar jiragen ruwa ta nan Ikko.

Har ila yau, a farkon shekarun 1960 hukumar NASA ta Amurka tana da tashar bin sawun kumbo a Kano. Ran 20 ga Fabrairu 1962, da John Glenn ya zagaya duniya sau uku, tashar Kano tana cikin waɗanda suka yi magana da shi yana sama. Nijeriya kuma ta kafa hukumarta ta binciken sararin samaniya a 1999, aka harba tauraronta na farko, NigeriaSat-1, daga Rasha a watan Satumba 2003.

Kafin duk wannan, ƙasarmu ta haifi Muhammadu ɗan Muhammadu Alkatsinawi, masanin lissafi da taurari, wanda ya yi rubutu a kan hatimin lissafi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Manomanmu kuma tun tuni suna duban Kaza da 'Ya'yanta su san inda damina ta kwana. Duban sama gadonmu ne.

A fagen rubutu ma ba mu zo hannu sake ba. A 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin wani yaro, Kilba, wanda wani baƙo daga sama ya ɗauke shi ya kai shi yawon sararin samaniya. Shi ne littafin da manazarta ke fara ambata idan ana zancen ƙagaggen labarin kimiyya da Hausa. Ku dubi sunan littafin. Bahaushe yana cewa tauraruwa mai wutsiya ganinki ba alheri ba, domin a da ana ɗaukar fitowarta alamar mutuwar sarki ko yunwa. Ilmi kuwa ya nuna dunƙulen ƙanƙara ne da ƙura mai zagaya rana, idan ya kusato ta sai zafi ya narkar da gefensa ya yi wutsiya. Wadda ake kira ta Halley ta fito a 1910, ta sake fitowa a 1986, za ta kuma dawo a 2061 in Allah ya kai mu. Yawancinku a lokacin ba ku wuce shekara hamsin da 'yan kai ba. Marubucin ya ɗauki abin da ake tsoro ya mai da shi abin da yaro zai so ya sani.

Abin baƙin ciki shi ne, hanyar da Umaru Dembo ya share ba ta sami mabiya da yawa ba. Daga shekarun 1980 littattafan Hausa sun yawaita ƙwarai a kasuwar Kano, amma mafi yawansu na soyayya ne da zaman aure, sai kuma na yaƙi da aljanu. Ba na raina su, domin sun koya wa dubban mata da matasa son karatu. Sai dai rumbun kimiyya ya zauna kusan wayam fiye da shekara hamsin.

A halin da ake ciki 'yan'uwanmu na kudu masu rubutu da Turanci sun yi nisa. Nnedi Okorafor ta buga Lagoon a 2014, inda baƙi daga sama suka sauka a cikin teku daura da Bar Beach, suka fara haɗuwa da wata masaniyar halittun ruwa da wani soja da wani mawaƙi ɗan Gana. Littafinta Binti ya ci manyan kyaututtukan Hugo da Nebula a 2016. Tade Thompson ya rubuta Rosewater, labarin wani gari a Nijeriya a shekarar 2066, ya ci kyautar Arthur C. Clarke a 2019. Oghenechovwe Donald Ekpeki ya ci kyautar Nebula a 2022 da labarin O2 Arena, inda iskar shaƙa ta zama abin saye da sayarwa. Akwai kuma mujallar Omenana da aka kafa a intanet a 2014 domin irin waɗannan labarai daga Afirka. Duniya ta karɓi Ikko a matsayin wurin da za a ba da labarin gobe. Tambayata ita ce, a cikin wannan Ikko ta gobe, ina Zangon Agege? Ina Idi Araba da Alaba Rago da kasuwar Mil 12? Idan ba ku rubuta kanku a ciki ba, za a rubuta goben ba tare da ku ba, ko kuwa a sa ku a bakin ƙofa kuna gadi.

GA IYAYENMU

Na san abin da ke ran wasu daga cikinku, kuma damuwarku tana da tushe. Na farko, kuna cewa ƙarya ce, ɓata lokaci ne. Lalle ƙage ne, kuma marubucin bai ɓoye ba. Amma Magana Jari Ce ma ƙage ne, aku bai taɓa zama waziri ba, duk da haka da shi aka koya wa iyayenmu karatu da hikima. Na biyu, kuna tsoron kada yaro ya ɗauka wani mutum ya san gaibu. Marubucin kirki ba ya da'awar sanin gobe. Abin da yake yi ya yi kama da na ɗan kasuwa mai lissafin cewa idan ruwa ya yi ƙaranci bana, goro zai yi tsada baɗi, sai ya yi tanadi. Sanin gaibu na Allah ne, tanadi kuwa an hore wa bawa. Na uku, akwai littattafai da finafinai na wannan fanni masu ɗauke da batsa ko zubar da jini ko raina addini, wannan gaskiya ne. Maganinsa shi ne uba ko yaya ko malami ya duba abin da yaro ke karantawa, ya sa shi ya ba shi labarin da bakinsa. Hana karatu baki ɗaya ba zai hana yaro kallon abin da ke cikin wayar abokinsa ba.

Akwai kuma wata riba da ta shafe mu mazauna kurmi musamman. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan suna jin Yarbanci da Turancin buroka kamar 'yan gari, wannan kuwa arziki ne. Amma da yawansu ba su iya karanta shafi guda na Hausa ba tare da tuntuɓe ba. Yaro ba ya riƙe harshe don an yi masa faɗa, yana riƙe shi ne idan ya sami abin da yake marmari a cikinsa. Idan duk labarin kumbo da taurari da na'ura da Turanci yake zuwa masa, zai girma yana zaton Hausa harshen cinikin shanu ne da gaisuwar gida kurum.

GA KU 'YAN MAKARANTA

Idan kun ɗauki irin wannan littafi, ku riƙe tambayoyi uku. Wane abu ne marubucin ya canza daga duniyar da muka sani? Shin abin da ya faɗa ya dace da abin da aka koya muku a ajin kimiyya? Wa ya ci riba da wannan canji, wa kuma ya yi hasara? Tambaya ta biyu za ta mai da ku wurin malaminku. Misali, tsakaninmu da wata kilomita 384,400 ne, kamar a yi tafiyar jirgin ƙasa daga Ikko zuwa Kano kusan sau 340. Haske yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, yana isowa daga rana cikin minti 8, amma daga tauraro mafi kusa da rana sai ya shekara 4 da 'yan watanni a hanya. Saboda haka duk marubucin da ya kai jaruminsa wani tauraro tsakanin azahar da la'asar, ku tsare shi ya faɗi dabarar da ya yi.

Sa'an nan ku gwada rubuta naku, da Hausa. Ba sai kun je duniyar Mas ba, kayan aikin suna ƙofar gidanku. Kuna ganin yadda aka cike teku da yashi a Bar Beach aka gina sabon gari, kuna kuma ganin yadda ambaliya ke shiga unguwanni kowace damina. A gida kuwa kuna jin labarin hamada tana cin gonaki, Tafkin Cadi ya ja baya ƙwarai daga yadda yake a shekarun 1960. To, ku zauna ku yi tunani. A shekarar 2075, idan teku ta tura mutanen Ikko arewa, hamada kuma ta turo mutanen Arewa kudu, ina za a haɗu, wa zai zama baƙo, wa zai zama mai masauki? Idan jirgin ƙasa yana kai mutum Kano cikin awa uku, shin za a ci gaba da kiran kowa ɗan ci-rani? Idan na'ura ta iya yanka da fiɗa a mayankar Oko Oba, ina ɗan mahauci zai nufa? Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tambayoyi littafi ce guda, kuma ba wanda ya fi ku cancantar rubuta ta, domin kun san gida kun san kurmi.

Ku fara da shafi biyu. Ku zaɓi canji guda ɗaya tak, ku sa shi a cikin gida irin naku, ku bi shi ku ga abin da zai yi wa uwa da uba da ƙane. Inda kuka rasa kalma, ku ƙirƙira, kamar yadda magabatanku suka ga abin da ba su taɓa gani ba suka sa masa suna jirgin sama da kumbo da tauraron ɗan Adam, sunayen kuma suka zauna. Ku karanta wa juna, ku jure gyara. Mary Shelley ba ta fi wasunku da shekara biyu ko uku ba lokacin da ta ɗauki alƙalami.

Ina roƙon dattawan unguwa su taimaka da ɗan wurin ajiye littattafai, ko da kabad guda ne a makarantar Islamiyya, masu zuwa gida kuma su riƙa yi wa yara tsarabar littafin Hausa tare da kilishi da ƙuli-ƙuli. Iyayenmu sun biyo hanyar goro da hanyar jirgin ƙasa suka kafa wannan zango ba tare da sun san abin da za su tarar ba. Abin da ya rage wa 'ya'yansu shi ne su yi tunanin inda zangon zai kasance nan da shekara hamsin, su rubuta shi da harshen iyayensu.

Allah ya yi muku albarka, ya buɗa ƙwaƙwalwarku, ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu.